Madarar Ba Ta Karɓe Shi Ba

Duk mai son sanin tarihin jariri a gidanmu ba sai ya tambayi uwarsa ba. Ya ɗaga labulen ɗakinta kawai, ya dubi gwangwanayen da ta jera a kan kanta. Wannan na sukari ne yanzu, wancan na magi, na jikin bango an huda murfinsa ya zama asusu. Mu ba ma kai gwangwanin madarar jarirai bola, kuɗin da ya ci ya wuce haka. Idan ka ga gwangwanayen duk iri ɗaya ne, to uwar ta samu barci a goyon nan. Idan kuwa ka ga shuɗi, ga fari, ga kore, to an sha zarya tsakanin kanti da kemis, an kuma sha kuka da tsakar dare. A ɗakin Maman 'yan biyu iri 4 na ƙirga, alhali yaran ba su cika wata 5 ba.

Gidan haya ne mai ɗaki 9 a Ja'en, jikin kamfanonin Sharaɗa, kuma kusan duk wanda ke cikinsa abincinsa a bakin get yake. Mazanmu wasu suna kan injin roba, wasu suna lodi. Mijin maƙwabciyata a majemar fata yake aiki a Challawa, da asuba yake bin hanyar Panshekara. Akwai direban da ke kai kaya Bompai, ya dawo da ƙurar Dakata har a gashin ido. Mu matan ma ba a zaune muke ba. Ni ɗinkin buhu nake yi. Wasu tsintar riɗi da zoɓo, wasu ware leda da robar da za a narka, wasu jera alewa da biskit a kwali. Ƙarfe 7 an rufe get, wadda ta makara ta yi asarar yininta. Kuma ba a shiga da goyo. Ga inji, ga ƙura, mu kanmu ba za mu so ba.

Ta nan madarar gwangwani ta samu ƙofa ta shigo mana. Iyayenmu a gidan manyan ma'aikata kawai suke ganin ta. Su idan an haihu sai wankan jego da ganyen darbejiya, sai kunun kanwa, a yi arba'in, yaro yana baya yana ƙirji har ya doshi shekara 2, sannan a kai shi yaye gidan kaka. Mu ma muna yin wankan, muna shan kunun, amma tun ana gaishe ki da "ya ruwan zafi" hankalinki yana kan gurbin da kika bari, don kin san akwai mata a bakin get suna jiran sa. A takarda, dokar ƙwadago ta Nijeriya ba ta manta da mu ba. Sashe na 54 ya ba mace sati 6 kafin haihuwa da sati 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 tana aiki a wurin, ya kuma ce mai shayarwa a ba ta rabin awa sau 2 a rana ta ba ɗanta nono. Amma yawancinmu 'yan wucin gadi ne, a sati ake biyan mu ko a jinga, sunanmu a littafin mai kula da layi kawai yake. Wa za ki kama ki ce ya ba ki rabin awa?

Don haka da safe sai mu miƙa yaran wurin Inna, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe, mu ɗan haɗa mata abin goro a sati. Tabarma take shimfiɗawa a inuwar baranda ta jera su. Kowace fida ta ɗaura mata zare mai launi daban don kada ta wannan ta shiga bakin wancan. Inna ta raini 'ya'ya da jikoki, hannunta yana da albarka, yaro na kuka in ta ɗora shi a cinya sai ya yi lamo. Abin da ba ta taɓa yi ba a ƙuruciyarta shi ne dama madarar gwangwani. A hannunmu ta koya, mu kuma a hannun juna.

Ranar Lahadi, da yake babu aiki, tsakar gida ce majalisarmu. Ana wanki, ana kitso, ana tsefe kan yara, a nan ake yanke wa kowace madara hukunci. Sunayen duk mun haddace su, har waɗanda ba su yi boko ba: NAN, SMA, Lactogen, Cow & Gate, Aptamil, Frisolac, Peak.

"Ni dai mai tsadar nan nake ba ki shawara," in ji matar direba. "Ba ki ga ɗan ƙanwata ba? Kumatu kamar an hura."

"Ke dai bari, Yaya. Nawa kwana 3 ya yi bai yi kashi ba da na gwada ta."

"To ai kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Haka muke zaɓe. Da kumatun ɗan maƙwabta, da abin da mai kemis ya miƙo daga bayan kanta, da wadda dangin miji suka kawo cikin kayan barka. Wata ta fi yarda da gwangwanin da babu rubutun da take ganewa a jikinsa, wai shi ne ɗan waje na asali. Maigida kuma nasa zaɓen a aljihu yake, ya tsaya gaban mai kanti yana juya gwangwani a hannu, yana lissafin saura kwana nawa a biya su. Da yake ni na yi sakandare, ni ake kawo wa gwangwani in karanta, amma sai bayan an saya.

Canzawa kuwa ta fi zaɓen sauri. Yaro ya yi tumbuɗi, madarar ba ta karɓe shi ba. Kashinsa ya yi kore, ba ta karɓe shi ba. Ya yi tauri, ya yi ruwa, ya yi yawa, ya yi kaɗan, duk ba ta karɓe shi ba. Ya riƙa tsala kuka da magariba yana naɗe ƙafafu, irin wanda muke ce wa ciwon cibiya, gobe an sayo wata. Wani gwangwanin ko rabi ba a sha ba za a tura shi gefe, manya su ƙarasa shi a shayi. Kalmar nan tana da daɗin faɗa, domin ba ta taɓa kowa. Ba ta taɓa uwa, ba ta taɓa uba, ba ta taɓa Inna, ba ta taɓa mai ruwa. Gwangwani ne ya yi laifi, shi kuwa ba ya musu. Ni ma na faɗe ta a goyon 'yata ta biyu, kuma har zuciyata na yarda da ita.

Abin da ya sa muka fara shakkar ta shi ne daren da ƙaramin 'yan biyu ya kwanta. Kwana 2 yana gudawa. Inna ta ce haƙori ne, an shafa abin shafawa, an ba shi jiƙo. Uwar ta aika aka sayo madara ta 4. A dare na uku na shiga duba shi, na ɗora hannu a kansa, na ji maɗigarsa ta faɗa kamar an danna da babban yatsa. Ido ya zurma, yana kuka babu hawaye, leɓe ya bushe, tun azahar bai jiƙa zani ba. Baban yana aikin dare. Muka tashi mai adaidaita sahun da ke layinmu, na goya babban, ita ta rungume ƙaramin, sai Asibitin Yara na Hasiya Bayero a cikin gari.

Aka sa masa ruwa, Allah ya taimake mu, kafin gari ya waye ya fara motsa baki. Da safe wata nas, babbar mace mai sanyin magana, ta zo kanmu. Maman 'yan biyu ta ciro gwangwanin daga jaka ta miƙa mata.

"Sista, wannan ce ta huɗu. Don Allah wacce zan koma?"

"Ajiye shi tukuna, 'yar'uwa. Ga fidarki, ga ruwa. Dama min yadda kike damawa a gida."

Ta zuba ruwa har layin 120, ta ɗebi cokalin cikin gwangwanin sau 2, ta rufe ta girgiza. Ina tsaye ina kallo. Madarar ta fito tsararo, kana hango yatsunta ta ɗaya gefen kwalbar. A jikin gwangwanin, wanda ni da kaina na karanta mata, an rubuta cokali 1 a kowane mililita 30 na ruwa. Wato cokali 4 ya kamata.

"Tun yaushe kike sa 2?"

"Tun da na koma aiki. Idan na sa 4, Sista, ba ta kai ni Laraba."

Sai ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Nas ɗin ba ta yi mata faɗa ba. Ta kwance kan fidar, ta juya robar ciki waje, ta nuna mana wani fari-farin abu da ya daskare a lungun da yatsa ba ya kaiwa, ta ce mu sansana. Tsami ya bugi hancina. Ta ce ramar daga cokali take, gudawar kuma daga nan.

Abin da ta gaya mana a safiyar nan na riƙe shi kamar karatun allo. Ta ce duk madarar da aka rubuta wa lamba 1, ta jariri daga haihuwa zuwa wata 6, indai ta gaskiya ce mai lambar NAFDAC, ma'auni ɗaya ake bin ta da shi, wanda hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka gindaya, ana kiran sa Codex. Mai tsada da mai sauƙi duk sai sun cika wannan mudu kafin a bar su kasuwa. Kuma kusan dukkansu daga nonon saniya aka yi su, an dai gyara shi don cikin jariri. Saboda haka yaron da da gaske jikinsa ba ya son nonon saniya, wanda za ki ga jini a kashinsa, ko ƙuraje da kumburi, ko amai mai yawa yana ramewa, sauya masa gwangwani ba ya maganin komai, daga saniya ne zuwa saniya. Wannan likita ne zai gan shi. Tumbuɗi kuwa da kukan magariba, har ɗan nono yana yi. Idan ma an sauya madara, kashi kan ɗan canza na 'yan kwanaki kafin ciki ya saba. Mu kuma ba ma jira ya saba, mun riga mun sake sauyawa.

Na dawo gida ina lissafi a adaidaita. Gwangwani mai giram 400, idan ana damawa yadda aka ce kuma shi kaɗai yaro ke sha, kwana 3 ne zuwa 4. A wata 6 na farko jariri ɗaya yana shan kimanin kilo 20, wato gwangwani 50 ko da ɗoriya. 'Yan biyu 100 ke nan. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma dokar ba ta shafi mai aikin jinga ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira ta faɗi, duk abin da ke da alaƙa da dala ya tashi, gwangwanin nan yana sahun gaba. Je ka kasuwar Singa ka tsaya kusa da masu sayar da shi, za ka ga magidanci ya tambayi farashi, ya yi shiru, ya ce bari ya zagayo. Ba za ka sake ganin sa ba.

To a nan dabarunmu suke farawa, kuma duk mun san su, ba Maman 'yan biyu kaɗai ba. A farkon gwangwani cokali cike, a tsakiyarsa a rage ɗaya, a gindinsa a zuba ruwa a ɗauraye. Idan ya ƙare kafin a biya, a aiki yaro ya sayo madarar awo, wadda ake ɗebowa daga buhu a ƙulla a leda. Fara ce, tana da garɗi, yaro yana karɓa. Amma da yawanta an cire mata man nonon an mayar da man itatuwa, wata ma ba madara ba ce, garin sa wa shayi fari ne. Ko madarar manya ta kirki ma, cikin jariri ɗan ƙasa da wata 6 bai isa ɗaukarta ba: ta yi wa ƙodarsa nauyi, kuma ba ta da isasshen sinadarin ƙarfen da ke gina jini. Wata kuma sai ta dama kamu tsararo, ta ƙona allura ta faɗaɗa hujin fida, ta ɗura wa ɗan wata 2. Ciki ya cika, ya yi barci, hankalin uwa ya kwanta, sikelin ranar rigakafi kuma ya ƙi motsi. Akwai kuma masu yin akasin haka. Ranar da kuɗi ya shigo sai a tula cokali ya yi tozo, a danna, wai a rama wa yaro kwanakin baya. Wannan ne ke kawo taurin kashi da ƙishirwa, sai a ce madarar tana da zafi. Har cokalin ma muna haɗawa. Na tsohon gwangwani ya fi daɗin riƙewa, sai a ci gaba da shi a sabo, alhali kowane kamfani da girman nasa.

Sai ruwa. Mu nan famfo ya zama labari, 'yan ga-ruwa ne ke turo mana kura da jarkoki, kuma ba ma tambayar daga ina. Duk wanda ya zauna a Sharaɗa ya san launin rafin Salanta da warinsa, mutanen Bompai sun san na Getsi da ke gangarawa Jakara, na Challawa kuma sun san abin da majemu ke saki. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta amma ba ta cire sinadari, shi ya sa rijiyar da ke kusa da magudanar kamfani ba ta jariri ba ce ko an tafasa. Da yawanmu mun koma ruwan leda, muna ganin tunda a rufe yake, sai a fasa da haƙori a tsiyaya a fida. Abin da ba mu sani ba, garin madarar kansa ba a tsarkake yake ɗari bisa ɗari ba, ko sabon buɗewa ne. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tafasa ruwa, a bar shi ya ɗan huce amma kada ya sauka ƙasa da digiri 70, abin da bai wuce rabin awa ba bayan an sauke, a fara zuba ruwan sannan garin, a shafe bakin cokali ya yi daidai, a girgiza, a sanyaya kwalbar a cikin ruwa. Abin da aka dama ya yi awa 2 a waje, a zubar.

A zubar! Ranar da na faɗi wannan a tsakar gida, Inna ta riƙe haɓa.

"'Yar nan, madarar da ubansa ya yi kwana 2 yana lodi kafin ya saya ce zan zubar?"

Ba ta faɗi ƙarya ba. Mu da asuba muke dama fida 3 mu jera mata, mu tafi. A bazarar Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wadda aka dama ƙarfe 6 ita ce yaro zai sha da azahar. Ga tsadar gas, ga gawayi da sai an yi ta fifita, ga wutar lantarki da ba a san ranar zuwanta ba. Tafasa ruwa sau 6 a rana, a tafasa fida kuma, aiki ne na mutum guda da murhu guda. Wanda ya tsara zanen da ke bayan gwangwani, mai hoton butar shayi da agogo, da wani irin gida ya yi lissafi, ba namu ba.

Wani lokacin laifin yakan zama na gwangwanin da gaske, kada a ce na wanke shi tas. A 2008 a ƙasar Sin an zuba wa madara wani sinadari, melamin, irin wanda ake yin farantan roba masu tauri da shi, don awo ya nuna tana da ƙarfi. Yara kusan 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda, 6 suka rasu a ƙidayar gwamnati. A Fabrairun 2022 aka rufe wata babbar masana'antar madarar jarirai a jihar Michigan ta Amurka saboda ƙwayar cuta, kantuna suka yi wayam, har da jirgin soja aka yi jigilar madara daga Turai. Idan can haka, mu da muke saye a kasuwar da rana ke dukan kwali tun safe, dole a juya gindin gwangwani a duba ranar lalacewa, a duba lambar NAFDAC, a tabbata takardar azurfar da ke ƙarƙashin murfi ba a taɓa ta ba. Wanda ya loɓa ko ya yi tsatsa a bar wa mai shi. Wanda kuma aka buɗe, sati 3 ne ko 4, gwargwadon abin da aka rubuta.

Rigimar nan ta girme mu duka. Wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ita ce ta shigar da sunan kwashiyoko littattafan likitoci a 1935. Daga bakin mutanen Ga ta ɗauko kalmar, ma'anarta ciwon da ke kama yaro idan ƙani ya ture shi daga nono. Da na ji haka sai na tuna da namu shan ciki. Ita ce kuma a 1939 ta tsaya a Singafo ta kira tallata madarar gwangwani ga matalauta da sunan kisa. Sai a 1981 ƙasashen duniya suka zauna a Janiba suka kafa ƙa'idar hana tallata abin da ke maye gurbin nonon uwa, ƙasa 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta yi tata dokar a 1990, NAFDAC ce ke tsaron ta. Shi ya sa ba ka jin tallan lamba 1 a rediyo, shi ya sa kuma a jikin kowane gwangwani aka rubuta cewa nonon uwa ya fi. Lamba 2, ta bayan wata 6, da muke ɗokin yaro ya kai, kamar an ci jarrabawa, tun 1986 babban taron lafiya na duniya ya ce ba dole ba ce. A 2023 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da ya wuce wata 6 kuma ba ya samun nono ana iya ba shi madarar dabba mai cikakken mai, tare da abinci. Wannan labari ya sauke wa mata da yawa kaya a gidanmu.

Akwai yaran da madarar nan rahama ce a gare su, kuma ba na son kowa ya ga laifin mai ba su. A layinmu akwai jaririyar da uwarta ta rasu a kan gwiwa, goggonta ke riƙon ta. Da can irin wannan sai wata mai jego a dangi ta haɗa da nata. Addini ya buɗe wannan ƙofa, Annabi (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Sai dai a mazhabarmu ta Malikiyya ko sau 1 nono ya isa cikin yaro a shekarun shayarwa, 'yan'uwantaka ta ƙullu, aure ya haramta. A ƙauye kowa ya san wa ya sha nonon wa. A gidan haya, yau kuna tare, baɗi wata ta koma Kumbotso, wata Tudun Murtala, wa zai riƙe lissafin? Ga kuma tsoron cututtukan zamani. Sai muka bar abin gaba ɗaya, alhali da gwajin jini da rubutawa a takarda da an ceci wasu.

Namu nonon ma muna yi masa sharri. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla. Mukan matse dakashi mu zubar, wai datti ne, alhali shi ne rigakafin farko. Mace ta dawo daga aiki ƙirji ya cika ya yi tauri, sai a ce kada ta ba yaro, nonon ya yini, rana ta dafa shi. Ta tatse a ƙasa, yaro yana kuka, a dama masa gwangwani. Nas ɗin nan ta ce nono ba ya lalacewa a jikin mai shi ko ya kwana. Ta ce kuma kamar rijiya yake, ɗiba ce ke kawo shi. Duk fidar da aka ba yaro, tsotso ɗaya ya ragu, jiki ya ɗauka ba a buƙata, ya rage. Bayan sati 3 sai uwa ta ce nonona ya ƙafe, dole in ƙara gwangwani.

Yanzu dai ga yadda muke yi. Mun yi adashi mun sayi babban filas da buta ta jarirai kaɗai. Ba ma damawa da asuba. Kowace uwa tana auna garin kowane sha a ƙaramin mazubi mai murfi, Inna ta tafasa ruwa da safe da kuma azahar, ta dama a lokacin da yaro ya nema, kaɗan-kaɗan, don kada a kai ga zubarwa. Fida mun rage ta, mun koma ƙaramin kofi, don shi ana ganin cikinsa kuma soso yana kaiwa ko'ina. Inna ta yi ta mita da farko, yanzu ta fi mu iyawa: ta zaunar da yaro a cinya, ta ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, ya riƙa lasa da kansa. Ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki ba sa yankewa a ɗakinta. Masu nono suna tatsa a kofi mai murfi kafin su fita, a sa a gindin randa, shi ake fara bayarwa don kada ya wuce awa 4. Da dare kuma babu gwangwani, ƙirji ne har asuba. Maman 'yan biyu ta tsaya a kan madara ɗaya, mafi sauƙin kuɗi a masu lamba 1, cokali 4 a layin 120, kuma nonon da ta ce ya ƙafe ya ɗan dawo, har gwangwani yana kai ta Juma'a. Ba kullum lissafin ke fita ba. Akwai satin da sai mun zagaya ɗaki-ɗaki da kwano kafin a cike kuɗin.

Maganar rabin awar shayarwa da dokar ƙwadago ta bayar kuma, mu 6 muka haɗu muka sami mai kula da layinmu, na karanta masa sashen daga wayata. Ya saurara, ya ce zai kai wa manaja. Wata 2 ke nan. Kafin amsa ta zo, amaryar ɗakin ƙofa, wadda ta koma aiki makon jiya, ta samo tata hanyar. Ƙarfe 1, lokacin da ake sakin mu cin abinci da salla, ƙanwarta tana goyo mata jaririn tun daga Ja'en har bakin get. Akwai wata darbejiya kusa da mai awara. Nan take zama a kan bulo, ta juya wa titi baya, ta ja hijabi ta rufe shi, hannu ɗaya yana tallafe da kansa, ɗayan yana kai awara baki. Mu kuma sai mu tsaya mu kewaye ta muna cin namu a tsaye, manyan motoci suna wucewa suna tayar da ƙura, har mai gadi ya buga ƙarfe.